Bashmuhandis Muhajir da Na'urar da Ba Ta da Baki

"Ni fa, ko jirgin sama ne ya tsaya cak a sararin Khartoum, ku miƙo mini tsani da sukudireba, ku ci gaba da shan shayinku."

Maganar Muhajir ke nan, kuma ba sau ɗaya ya faɗe ta ba. Kullum da hantsi za ka same shi a kan bencin mai shayi a kasuwar Suk al-Arabi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, aljihun gaba cike da biro, babu mai rubutu a cikinsu. Shi ya raɗa wa kansa Bashmuhandis, wato babban injiniya da Larabcin garin. Mu kuwa da muka san shi ciki da bai, da ya juya baya Bash-ɓarna muke ce masa.

Aboki, kada ka ce ƙazafi muke yi masa. Shi ne ya gyara fankar masallacin unguwa ta koma juyi da baya, maimakon ta ba da iska sai ta riƙa zuƙe hular ladan. Shi ne ya taɓa rediyon wani tsoho, tun daga ranar ba ta kama tasha sai an rungume ta a ƙirji kamar jaririya. In ka tuna masa, sai ya ɗaga hanci ya ce, "Kai malam, kayan ne jabu, ba hannuna ba."

A unguwar Aljirif yake zaune, can bakin Nilu, a gidan yayarsa Hadizatu. Nan yake kwana, nan yake cin fulu, wato dafaffen wake, da burodi da safe, nan yake ƙorafin man ya yi kaɗan. Mijin Hadizatu kuwa, Uwaisu, mai kamina ne, wato wurin gasa jan bulo. Ƙato ne na gaske, in ya yi dariya sai kaji sun watse. Abu ɗaya ke mayar da wannan ƙaton yaro: wata 'yar na'urar wasa ta hannu, mai cin ƙananan faya-fayai masu ɓawon roba. Yana da su cike da jaka, na ƙwallo, na tseren mota, na kokawa, na yaƙi. Shekaru ya yi yana tara su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fi tattalin su a kan haƙoransa.

To, a shekarar da ta biyo bayan rabuwar ƙasa gida biyu, Uwaisu ya zamo daga saman motar bulo ya karya ƙafa. Aka kai shi asibiti aka naɗe ta da farin jibis tun daga cinya har idon sawu, aka ce sai ya yi watanni a kwance. Aka fito masa da angareb, gadon igiya, aka ajiye a inuwar tsakar gida. Mutumin da ya saba yi wa leburori tsawa tun asuba ya koma ba shi da abokin hira sai na'urarsa.

Da ƙanensa Ƙasimu da ke aiki a Jidda ya ji labari, sai ya aiko masa da sabuwar na'ura, irin wadda ta fito a lokacin. Baƙa siɗik, fuskarta na sheƙi kamar madubin amarya. Uwaisu ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗauko faifan ƙwallo zai saka. Babu baki. Ko ƙofar da za a zura faifai babu.

Ya kira Ƙasimu a waya. Muhajir na gefe yana tauna gyaɗa, kunne a miƙe.

"Yaya, wannan ba ta cin faifai," in ji Ƙasimu. "Ta intanet wasannin ke sauka. Na riga na buɗe maka asusu da sunanka a nan Jidda, na sa mata Larabci. Amma ba sai ka sake sayen wasanninka ba. Kamfanin ya ce duk mai faifai zai iya mayar da shi cikin sabuwar, muddin ya tabbatar masu nasa ne. Yadda ake yi kuwa, sai ka ɗauko..."

Caraf, Muhajir ya fizge wayar.

"Ƙasimu, kada ka ƙarar da katinka a banza. Da Bashmuhandis a gida kake wa mutane bayani daga wata ƙasa? Na sani, na sani. A gaida Jidda." Ya kashe.

"Kai, ai bai gama ba," in ji Uwaisu.

"Yaya Uwaisu, abin da zai faɗa na san shi tun kafin a haifi na'urar. Ka ba ni zuwa jibi, za ka ga 'yan ƙwallonka suna gudu a cikin wannan madubin."

Hadizatu ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu. "Maigida, ka tuna fankar masallaci."

"Yaya, fanka daban, fasaha daban. Ki koma kan miyarki."

Ƙafa ta hana Uwaisu fita, sabuwar na'ura na ta yi masa sheƙi a ido. Sai ya miƙa wa Muhajir ita.

Abu na farko da gogan ya yi shi ne ya ɗaga tsohuwar na'urar da yatsa biyu kamar ya kama mataccen ɓera. "Wannan kuma ta gama yayi. Ajiye ta kusa da sabuwar ma haɗari ne, sai ta shafa mata tsufa." Washegari da sassafe, Uwaisu na barci, ya haye Omdurman da ita, ya ba wani mai sayar da tsofaffin kayan lantarki, ya karɓi akwatin sukudireba da farar riga irin ta likitoci da gilashin ƙara girma. Ya dawo gida sanye da rigar, har yara na gudu suna zaton allura aka zo yi.

"Ina tsohuwar tawa?" in ji Uwaisu.

"Ta yi ritaya. Ka ga kayan aikin da ta haifa."

Ya zauna a bakin angareb ya kunna sabuwar. Da ya ga an rubuta Saudiyya a wurin ƙasa, sai ya yi tsaki. "Ka ga matsalar farko. Na'ura na zaton tana Jidda, shi ya sa take jin kunyar buɗe baki. Dole a gaya mata ta zo Sudan."

Ya shiga laluben sunayen ƙasashe, sama da ƙasa. Ka san zamanin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Sudan ne. Ƙasa ta rabu biyu, amma ko rabi ɗaya bai gani a ciki ba. Ya danna nan, ya danna can, har ya faɗa wurin zaɓen harshe bai sani ba. Can sai ya daka tsalle.

"Ga ta! Shegu, ashe ɓoye ta suka yi. Duba nan, Suomi."

"Mene ne kuma Suomi?"

"Yaya Uwaisu, ka yi tunani mana. Su, Sudan. Omi, Omdurman. Saboda takunkumi suka dunƙule sunan, sai mai ilimi zai gane."

Ya danna. Nan take Larabci ya ɓace, wasu dogayen kalmomi suka cika fuskar na'urar, kowace da ɗige-ɗige a ka kamar an watsa mata gero. Daga baya muka ji ashe harshen mutanen Finland ne, can inda rana ke yin wata da watanni ba ta leƙo ba.

"Me ta ce?" in ji Uwaisu.

Muhajir ya kanga gilashin ƙara girma. "Ta ce maraba."

"Duk wannan tsawon?"

"Suna da ladabi."

Daga nan ya koma neman baki. A ganinsa ba yadda za a yi a ƙera abu ba baki, sai dai an ɓoye shi. Ya zura sukudireba a gefe ya banƙara, wani ɗan murfi ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon kaji, zakara ya yi gaba da shi. Da hakan bai yi ba, sai ya ce ai faifan ne ya yi ƙiba, ɓawon robar ne ya hana. Ya ɗauko na kokawa, wanda Uwaisu ya fi so bayan na ƙwallo, ya fasa ɓawon da ƙas, ya zaro ɗan faifan tsirara, ya manna shi a bayan na'urar yana gogawa kamar mai shafa wa jariri man zafi.

"Tana sha ne a hankali," ya ce.

Da ya ɗaga faifan, duk ya karce kamar an bi ta kansa da garma. Uwaisu ya miƙa hannu zai kamo wuyan farar riga, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ya koma ya kwanta yana huci.

"Kwantar da hankalinka," in ji Muhajir daga nesa kaɗan. "Yanzu na gano bakin zaren. Me Ƙasimu ya ce? Sai ka tabbatar masu naka ne. To, da me ake tabbatar da mallaka a duniya in ba shaidu ba? Ka ga wannan ɗan idon da ke goshinta? Kyamara ce. Ta nan mutanen kamfani ke kallo."

Da la'asar sai ga shi da shaidu biyu. Malam Ɗantsoho, dattijon da ke jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, da Badaru, direban motar bulon da Uwaisu ya faɗo daga kanta. Aka shimfiɗa tabarma. Aka jingina na'ura da butar shayi tana fuskantar jama'a. Aka jera faya-fayai a kan cikin Uwaisu.

Malam Ɗantsoho ya gyara rawani, ya duba hagu da dama. "Ina alƙalin?"

"Yana ciki, Malam. Daga can ƙasarsu yake kallo."

"Musulmi ne?"

"Ana kyautata zato."

Badaru ya fara. Ya durƙusa gaban na'ura ya rantse cewa faya-fayan na Uwaisu ne, shi ya sha kai shi kasuwa sayensu, ya kuma ƙara da cewa, tun da an samu alƙali, yana so a rubuta cewa ranar faɗuwar nan ba shi ya ja mota ba, maigidan ne ya taka bulo mai rawa.

"Ba wannan shari'ar ake yi ba!" in ji Uwaisu.

Aka zo kan Malam. Ya matso da fuskarsa dab da kyamara har gemu na share gilashi.

"Ni dai ba zan yi shaidar zur ba. Ban ga lokacin da ya saya ba. Abin da idona ya gani shi ne, tun kafin ƙafar nan ta karye, ya sha rasa jam'in la'asar saboda waɗannan abubuwa. In wannan ya isa shaida, to nasa ne, Allah ya shirye shi."

Hadizatu ta tuntsire da dariya a bakin kicin. Muhajir ya danna wani maɓalli don ya aika da shaida. Na'ura ta yi ƙyas, ta ɗauki hoton ƙofofin hancin Malam Ɗantsoho, ta shimfiɗa shi ya cika fuskarta. Duk ƙoƙarin da aka yi a cire shi ya ci tura, don ba mai jin harshen. Daga ranar, duk sanda Uwaisu ya kunna na'ura, hancin Malam ke fara yi masa sallama.

Hadizatu ce ta gaji. Da safe ta ɗauki wayarta ta kira Ƙasimu da kanta, ta sa a lasifika, ta riƙe ta gam a bayanta yadda ba mai fizgewa.

"Shaidu kuma?" in ji Ƙasimu. "Wane irin shaidu? Ai faifan shi ne shaidar. Tsohuwar na'ura za a ɗauko, a haɗa ta da intanet, a saka faifai a ciki. Ita za ta karanta lambar da ke jikinsa ta gaya wa kamfani. Sai wasan ya shiga asusu, sai a sauke shi a sabuwar. Shi ke nan. Tsohuwar dai tana nan ko?"

Har zakara ya daina tono.

Uwaisu ya juyo a hankali ya dubi farar riga. "Muhajir."

"Na'am, Yaya Uwaisu."

"Wadda ta yi ritaya."

"Ai dama a cikin tsarina akwai dawo da ita bakin aiki. Mataki na gaba ke nan." Ya suri jakar faya-fayai ya fice, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Ya hau bas zuwa Suk al-Arabi, ya sake hawa ta Omdurman. A bakin gada sojoji suka tsayar da su, kamar yadda aka saba a shekarun nan. Wani soja ya shigo yana duba kaya, ya buɗe jakar Muhajir, ya ga sukudirebobi da faya-fayai. Ya ɗago ɗaya mai hoton tankar yaƙi.

"Wannan fa?"

Da mai hankali ne sai ya ce wasan yara ne, a wuce wurin. Amma bakin Muhajir ba ya ganin taro ya yi shiru.

"Wannan ai sai ƙwararre. Da farko ka tara runduna a ɓoye. Sai ka kama gada. In ka kama gada, sai gidan rediyo. Daga nan fadar shugaba kawai ta rage. Ni na sha kaiwa ƙarshe."

Aboki, bas ɗin gaba ɗaya ta daina numfashi. Motar da ke kan gada, ta nufi Omdurman inda gidan rediyon ƙasa yake! Wata tsohuwa ta fara salati. Mutumin da ke kusa da shi ya matsa har ya kusa fita ta taga.

Aka sauke Bashmuhandis. Aka zaunar da shi a kan kwalta, cikin ranar Khartoum mai narkar da takalmi, hannu a ka. Sai da farar riga ta jiƙe sharkaf kafin wani saje ya zo ya duba kayan, ya gane ko mene ne, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sallame shi, amma faifan yaƙi ya zauna, wai za a zurfafa bincike.

Da ya isa wurin mai tsofaffin kaya, mutumin ya ce ai na'ura ba ta ko wuni a teburinsa ba. Hajiya Sittana ta saya, mai shagon humra da turaren wuta a cikin kasuwar Omdurman.

Ya same ta zaune tsakanin kwalaben humra, hayaƙin sandal na tashi, dattijuwa mai jiki, lulluɓe da tobe, wato laffaya, ruwan goro, tabarau a kan hanci. Tsohuwar na'urar Uwaisu na hannunta, manyan yatsunta masu lalle na ta rawa a kai. Ashe faifan tseren mota guda ya tafi a cikin na'urar, kuma Hajiya ta kamu.

"Salamu alaikum, Hajiya."

"Dakata, ɗana, ina kan kwana." Ta karkace da jikinta gaba ɗaya har kwalabe suka yi ƙara. "Yauwa. Na wuce ɗan banza. Me za a ba ka, humra ko dilka?"

Ya kwashe labari ya faɗa mata, amma a nasa labarin wani jahilin yaro ne ya sayar da na'urar ba da saninsa ba. Ya roƙi ta mayar.

"Mayarwa? Ko da haƙorin zinare ka zo. Na saya don jikokina, amma har yau ba su san na saya ba. 'Yata Hanan da ta zo hutu daga Dubai ta goge duk abin da ke cikinta tas, ta buɗe mini asusu da sunana, ta haɗa ta da intanet ɗin shago. Sai dai in aro kake so, ka yi aikinka a nan gabana. Amma ka ga turmin can? Mai daka mini sandal bai zo ba."

Haka Bashmuhandis ya tuɓe farar riga ya kama taɓarya. Ya daka itacen sandal har tafin hannunsa ya yi ƙululu, yana atishawa, matan da suka zo sayayya na yi masa sannu da aiki. Da ya gama, Hajiya ta miƙa masa na'ura.

Nan fa gogan ya dawo da ransa. Ya mayar da farar riga, ya sa faifan ƙwallo. Na'ura ta yi gurnani, ta fito da wani dogon rubutu na Turanci. Turancin Muhajir kuwa bai wuce na jikin kwalin ashana ba. Abin da rubutun ke cewa shi ne, za a yi rajistar wannan faifai da sunan mai asusun da ke kan wannan na'ura, sau ɗaya ake yi, kuma ba a warwarewa.

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

"Ta ce ta gane ni."

Ya danna. Ya zare, ya sa wani, ya danna. Haka ya bi su kaf, har da na motar da ke ciki, yana yi yana waƙa. Da ya gama ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Hajiya, yau kin ga aikin da ko a Dubai sai an yi layi."

Ya tari raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa tashar bas. A hanya direban ya ga faya-fayan suna walƙiya ya yaba. Muhajir ya yi dariyar manya.

"Waɗannan? Fanko ne yanzu. Na zuƙe ruhinsu na tura sama. Riƙe su duka, ka rataya a madubi, ka riƙa tunawa ka taɓa ɗaukar injiniya."

Direba ya yi godiya, ya karɓe jaka, ya ɓace cikin cunkoson Omdurman.

Kafin ya shiga gida sai da ya bi ya kira Malam Ɗantsoho da Badaru da duk maƙwabcin da ya gani, wai su zo su ga ƙarshen aiki. Tsakar gida ta cika. Ya karɓi sabuwar na'ura daga hannun Uwaisu, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya kunna. Hancin Malam ya bayyana. Ya danna nan, ya danna can. Babu ƙwallo, babu mota, babu ko ƙuda.

"Suna hanya," ya ce. "Ka san gada da cunkoso."

Aka jira. Aka sha shayi. Ba su iso ba.

Hadizatu ta sake kiran Ƙasimu. Ya saurari bayani, sannan ya ce, "Da kuka sa faya-fayan, asusun wa ke kan tsohuwar na'urar? Kun fitar da na matar kun shigar da na Yaya?"

Kowa ya dubi Muhajir.

"Wannan ai ƙaramin al'amari ne," ya ce.

"Inna lillahi. To, duk sun zama nata. Kamfani ita ya sani. Sau ɗaya ake rajista, ba a komawa baya. Amma da sauƙi, tun da faya-fayan na hannunku. In na samu mai tahowa bayan aikin Hajji sai in aiko da tsohuwar irin, Yaya ya ci gaba da sakawa."

"Muhajir," in ji Uwaisu, a hankali ƙwarai. "Ina jakata?"

Ba a kai ga amsa ba sai wayar Muhajir ta yi ƙara. Don ya samu mafaka ya ɗauka da sauri, garin gaggawa ya danna lasifika. Muryar Hajiya Sittana ta cika gidan.

"Ɗana injiniya! Allah ya yi maka albarka! Hanan ta nuna mini ta waya, duk sun sauko, ba sai da faifai ba. Yanzu haka ina buga ƙwallo, na ci uku. Ka gaida majinyacin, ka ce in ya warke ya zo in ba shi ya taɓa."

Da ƙyar aka ciro maganar raksha daga bakinsa, guntu-guntu, kamar ana cire ƙaya. Da ta fito duka, Malam Ɗantsoho ya tashi ya tsaya tsakanin angareb da farar riga, don ya ga hannun Uwaisu na laluben sandar dogarawa.

Amma Uwaisu bai yi duka ba. Ya kwanta ya dubi sama, ya daɗe. Mutumin da zai yi watanni a kan gadon igiya, ba kamina, ba ƙwallo, ba mota, sai hancin maƙwabci. Har Hadizatu, da ta tsani wasan nan, sai da ta ji tausayinsa. Can ya nisa.

"Muhajir, zaɓi biyu ne. Ko ka tattara sukudirebobinka ka bar mini gida yau, ko ka biya ni wasana."

"Da me zan biya, Yaya Uwaisu?"

"Badaru, akwai ƙwallo a motarka?"

Washegari da hantsi, duk wanda ya bi ta ƙofar gidan ya ga abin da bai taɓa gani ba. An jera bulo biyu a jikin katanga, raga ke nan. Uwaisu na kishingiɗe a inuwa, sabuwar na'ura a hannu, yana danna maɓallai da gaske. A tsakiyar rana kuwa ga Bashmuhandis, gajeren wando da farar riga, ƙwallo a ƙafa.

"Hagu! Na danna hagu, kai kurma ne? Dama! Gudu! Buga!"

Muhajir ya buga, ƙwallo ta daki tulun ruwa.

"Sake! Wannan ɗan wasan ko a kyauta ba na so."

In ya gaji da ƙwallo sai ya ce a sa na mota. Muhajir ya riƙe murfin tukunya, ya riƙa zagaya bishiyar lemo yana kukan inji da baki, Uwaisu na karkata na'ura yana ihun a taka birki. Leburorin kamina suka riƙa zuwa kallo da hutun rana. Badaru ya nemi a ara masa maɓallan ya gwada na kokawa. Malam Ɗantsoho ya ce shi wannan wasan bai ga aibinsa ba, tun da in an kira salla ana iya kashe shi da tsawa ɗaya.

Ranar da abin ya kai maƙura, Muhajir ya yi tuntuɓe da zakara ya kife a gaban kicin, murfin tukunya ya yi gefe yana ƙara. Ya ɗago kai, ƙasa a gemu, ya ga Hadizatu tana tsince shinkafa.

"Yaya, ki yi magana mana! Ki gaya masa ni ba na'ura ba ne. Ni fa ƙanenki ne, naki ne, ciki ɗaya!"

Hadizatu ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Da kam nawa ne. Yanzu an yi rajistarka da sunan maigidan, kuma ka ji abin da Ƙasimu ya ce, ba a komawa baya. Tashi, yana dannawa."